Ayar da Na Kai Ƙarshe

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya daga cikin abubuwan da hannuna ya ƙulla a duniya, ba zan yi dogon tunani ba. Aya ɗaya zan mayar wurinta. Ba ayar Alƙur'ani nake nufi ba, Allah ya tsare ni, ɗigon nan nake nufi da ake sa wa a ƙarshen magana idan an rubuta ta. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Alhamis ɗin da ɗigon nan ya kunyata ni, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Birni ba za su bar ni ba.

Ni tsohon daktilo ne. Ga yaran yanzu da ba su san kalmar ba, daktilo shi ne mai buga takardu da keken rubutu a biro, wato ofis. Karatuna bai yi nisa ba. Sartifikar firamare na samu a lakwal, wato makarantar boko, mahaifina ya ce ya isa haka, aka kai ni wurin wani babban komi, wato akawu, da ake kira Musye Dari don in koyi aiki. Mutumin nan yana da wata rula ta ƙarfe da ba ya auna komai da ita sai yatsun yaransa. Idan ka buga wasiƙa ka manta aya, rula. Idan ka bar fili kafin aya, rula. Har yau idan na rufe ido ina jin muryarsa: "Aya a ƙarshe take zama! Ba ta jan gaba!" Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga takardu da wannan murya a kunnena, kuma ban taɓa mayar da takarda gaban shef, shugaban ofis, an dawo mini da ita saboda kuskure ba. (To, sau biyu. Amma ɗayan laifin ribom ne, ƙyallen tawadar keken.)

Da na ajiye aiki, sai halin ya biyo ni gida. Kullum akwai jan bik, alƙalamin gyarana, a aljihun rigata. Katin biki idan ya zo, sai na gyara shi kafin in duba wa ke aure. Akwai wani mai gyaran rediyo a hanyar kasuwa da ya daina gaishe ni, don na tsaya na nuna masa kurakurai uku a allon shagonsa a gaban masu kawo gyara. Matata Hajiya Gambo takan ce ranar da na mutu, sai an ɓoye mini takardar asibiti, don kada in tashi in ce an rubuta sunana ba daidai ba.

Yanzu bari in kawo muku Rakiya. Jikata ce, ɗiyar ɗana na fari da ke aiki can Agadas, kuma a hannunmu ta tashi tun tana rarrafe. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne zalla. Ba ta kirana da komai sai "Tsoho", ni kuma ina ce mata "Ƴar Kuran", don kuran muke ce wa wutar lantarki, ita kuma tun tana ƙarama ba ta barin soket ya huta. Ta shiga jami'a ta karanci ilimin ordinatar, wato kwamfuta, shekara uku, har ta kai ga ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa, ranar da muke kira sutanans. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka rabin jarabawa ce rabin suna: malamai a gaba da fuskoki a murtuke, dangi a baya da kulolin abinci.

Aikin da ta yi kuwa a kan ruwa ne. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san yadda mace kan ɗauki jarka ta zaga unguwa biyu kafin ta tarar da famfon da ke zuba. Rakiya ta haɗa wata manhaja, su a lakwal suna cewa lojisiyel, wadda mai tsaron famfo zai aika mata saƙo da waya, "akwai" ko "babu", sai taswirar gari ta fito da ɗigo shuɗi inda ruwa yake, ɗigo ja inda ya ɗauke. Ba a sake ta ga jama'a ba tukuna. A cikin ordinatarta kaɗai take rayuwa, kuma a cikin ordinatar nan za ta tayar da ita a gaban malamai ranar Alhamis da ƙarfe goma. Sharaɗin a fili yake: sai an ga abin yana aiki. Wanda nasa bai tashi ba, a mayar da shi zama na gaba, bayan damina.

Ranar Laraba bayan la'asar ta zo ta same ni a zaure, ta ɗora mini ordinatar a kan tebur.

"Tsoho, ga aikin da ka iya. Duba mini shafin godiya da gabatarwa, ko akwai kuskuren Faransanci. Zan shiga gidan su Indo a sa mini lalle. Amma don Allah wannan shafin kawai. Kada ka taɓa komai."

Na ce, "Ke, tun ubanki bai san hanyar lakwal ba nake taɓa mashin."

"Shi ya sa nake tsoro," in ji ta, ta fice tana dariya.

Na gyara zama, na sa tabarau. Kurakurai bakwai na kamo, kuma ba zan ɓoye muku ba, kowanne da na kama sai na ji kamar an ba ni goro. Da na gama na rufe shafin, sai wani dosiye, wato jakar ajiya, ya bayyana a bayansa, mai ɗauke da jerin sunayen fishiye, wato takardun da manhajar ta ƙunsa. Na san ba nan aka aike ni ba. Amma ido ba ya jin a bari. Sunaye ne babu babban baƙi, babu fili tsakanin kalmomi, wasu da karan tsaye wasu da na kwance. Na daure. Na ce yaran zamani ne. Sai can sama, a kan layin farko, na ga wani ɗan suna mai haruffa uku, kuma ga aya zaune a gabansa. Haka yake rubuce: .env

Aya a gaba. A layin farko. A ordinatar da za a haska a bango gobe a gaban manyan malamai, jikar daktilo ce kuma ke riƙe da ita. Wallahi sai da na ji yatsuna sun yi zafi, kamar Musye Dari ya taso daga kabari da rularsa.

Na iya canza sunan fishiye, Rakiya da kanta ta koya mini lokacin da nake jera hotunan aikin hajjina. Na goge ayar daga gaba, na kai ta ƙarshe inda Allah ya ajiye ta. Mashin ya fito da wani gargaɗi, wai idan na canza, abin yana iya daina amfani, na tabbata? Ni da na shekara talatin ina jin gargaɗin shefofi, na ce masa na tabbata. Abin mamaki, da na danna, sai ayar ta ɓace gaba ɗaya. Babu ita a gaba, babu ita a baya, haruffa uku kawai. Na sake sa ta a ƙarshe, ya sake haɗiye ta. Na ce to, ai ko a takarda ba a sa wa kanun magana aya, mashin ɗin ma ya san ƙa'ida. Na rufe shi na tafi masallaci da zuciya fara.

Kuma ban gaya mata ba. Ba don tsoro ba, a'a, don girma. Na ce wannan irin gyaran ne da babba ke yi wa yaro a ɓoye don kada ya ji kunya. (Ku lura da kyau, ina ganin kaina a matsayin mai rufa wa wani asiri.)

Gari ya waye Alhamis gidan ya cika. Ƙanwata Gwaggo Delu ta iso daga Zermu tun jiya da zabbi huɗu da ƙullun fura. Dangin Hajiya na Tirmini sun zo da mota guda. Ana ta soye-soye a tsakar gida. Wajen ƙarfe bakwai Rakiya ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta ce bari ta tayar da abin sau ɗaya ta gani kafin ta yi wanka. Ina zaune kusa ina shan koko. Ta buɗe wata baƙar taga a fuskar ordinatar, ta rubuta layi ɗaya ta danna. Rubutu ya fara gudu kamar yadda ya saba, fari, fari, fari, sai ga ja. Ya tsaya.

"A'a," in ji ta. Ta sake. Ja.

Na ce, "Lafiya, Ƴar Kuran?"

"Ya ƙi tashi. Bari in kashe in kunna."

Ta kashe ta kunna. Ja. Ba ta damu ba tukuna, har tana yi mini bayani, don ta san ina son a yi mini bayani. Ta ce manhajar kamar gida ce mai zaure da rumbu. Zauren shi ne taswirar da mutane ke gani, rumbun kuwa shi ne inda aka tara sunayen famfuna da saƙonnin da suka shigo. Idan manhaja za ta tashi, sai ta fara zuwa rumbu ta buɗe. Jan rubutun nan cewa yake rumbu ya ƙi karɓarta.

"To rumbun ne ya lalace ke nan," na ce.

"Shi nake dubawa."

Ta duba rumbu, yana nan lafiya, komai na cikinsa a jere. Ta ce watakila wata manhajar ce ta riga ta tare ƙofar da tata ke bi, don wai ordinatar ma tana da ƙofofi masu lamba, kuma biyu ba sa shiga ƙofa ɗaya. Ta leƙa, babu kowa a ƙofar. Ta canza lambar ƙofa duk da haka. Ja. Ta ce ko wani daga cikin kayan da manhajar ke dogara da su ne ya sabunta kansa ba da izininta ba, ta share su duka ta sake sauko da su ta wayarta, muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe kamar hawainiya har minti ashirin. Ja.

Ni kuwa ban zauna haka ba, ina ba da shawara. Na ce ta hura maɓallan. Na ce a zamaninmu keken rubutu idan ya yi taurin kai a gefe ake ɗan bugunsa da tafin hannu. Abokina Abba Gana, tsohon baduku da muka yi ƙuruciya tare a lungu ɗaya, ya shigo cikin babbar rigarsa ta zuwa biki ya tarar da ni ina wannan jawabi.

"Kai daktilo," in ji shi, "bar yarinya ta yi aikinta. Wannan ba irin garmar da ka saba dannawa ba ce."

"Mashin duk mashin ne."

"Haka jaki da jirgi duk abin hawa ne."

Wajen takwas da rabi Rakiya ta ɗago kai ta dube ni. "Tsoho, jiya ka taɓa wani abu ban da shafin nan?"

A nan ne nake son in faɗi gaskiya, don nan ne laifin da ya fi ci mini rai. Ayar ta faɗo mini. Ta gifta a zuciyata kamar ƙadangare a kan katanga. Amma na ce a raina, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ne zai tsayar da mashin da aka sayo da tsada haka? Kuma ga Abba Gana tsaye yana jiran abin dariya. Sai na amsa da irin amsar tsofaffin ma'aikata, wadda ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba.

"Ban ɓata komai ba."

Ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Ta mayar da kai.

Da na ga hankalin gida ya fara tashi, sai na shiga neman mai laifi, kuma na same shi nan da nan. Ordinatar a ɗakin Hajiya ta kwana, Hajiya kuwa ta turara ɗakin da turaren wuta saboda baƙi. Na miƙe tsaye a tsakar gida, a gaban danginta na Tirmini, na ɗaga murya.

"Sau nawa nake cewa a raba kayan kuran da hayaki? Mashin yana shaƙar iska ta ƙananan ramukan nan. An cika masa ciki da hawi da sandal, ta yaya zai tashi? Shekara uku na karatun yarinya, kasko ɗaya ya gama da shi!"

Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ta ce kalma biyu kawai.

"To, Malam."

Duk mai mata ya san akwai "to" iri-iri. Wannan irin wadda ake ajiyewa ce a ƙasan akwati.

Rakiya ta yi dabara ta ƙarshe. Tana da kwafin aikin da ta adana a intanet, ta sauko da shi sabo fil a wani dosiye dabam. Ta ce abu ɗaya ne ba ya cikin kwafin, wato ɗan fishiyen da ke riƙe da makullin rumbu, don shi ba a aika shi ko'ina, a ordinatar mai shi kaɗai yake zama. Ta ɗauko shi daga tsohon dosiye ta jefa a sabon. Ina tsaye a bayanta na ga abin da ta ɗauko. Haruffa ukun nan ne. Ita idonta ya saba ganin aya a wurin, don haka ya gan ta ko da babu ita. Ni kuma da na san babu ita, sai na ce a raina, ka ga, har ta ɗauka ta yi amfani da shi ba ta ce komai ba, ashe gyarana ya karɓu.

Ja.

Na buɗe baki zan sake kawo zancen bugu a gefe. Ba ta ko ɗago ba.

"Baba, don Allah a bar ni haka."

Baba. Tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana Baba ba. Na koma gefe na zauna.

Ƙarfe tara da rabi muka ɗunguma zuwa jami'a, ita a kan kabu-kabu rungume da ordinatar, mu a motar mutanen Tirmini da kuloli a cinya. A barandar ɗakin da za a yi zaman muka tarar da malamar da ta kula da aikinta, Madam Zainabu, wata doguwar mace mai tabarau da ba ta gaggawar magana. Rakiya ta gaya mata. Madam ta shiga ciki ta fito, ta ce malamai sun yarda wani ɗalibi ya fara, amma da ya gama za a kira Rakiya, ko abin ya tashi ko bai tashi ba. Minti arba'in ke nan, ko ƙasa da haka.

Ta zauna a benci kusa da ita. Ba ta taɓa ordinatar ba, tambaya kawai take yi.

"Yaushe ya tashi na ƙarshe?"

"Jiya da azahar, Madam."

"Me ya canza tsakanin jiya da azahar da yau da safe?"

"Babu komai."

"Mashin ba ya canza ra'ayi shi kaɗai. Wani abu ya canza. Wa ya zauna gabansa?"

"Kakana ne kawai. Rubutu ya duba mini."

Madam ta waiwayo ta gan ni cikin farar rigata da hula, da jan bik a aljihu. Ta taso ta rusuna ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, ashe ku ne kuka duba rubutun? Rakiya takan ba ni labarinku. An ce tsohon daktilo ne ku."

Jama'a, a nan ne Shaiɗan ya same ni. Malamar jami'a, a gaban dangi, a gaban iyayen wasu ɗalibai da suka cika baranda, ta san sunan sana'ata. Na manta da jan rubutu, na manta da agogo. Na gyara wuyan riga na yi gyaran murya.

"Ƙwarai kuwa, Madam. Mu a zamaninmu ba a wasa da rubutu. Kurakurai bakwai na cire mata a shafi biyu kacal. Ku malaman yanzu kuna koya musu manyan abubuwa, amma ƙananan sun wuce su. Kin san har aya ba su san inda take zama ba? Jiya na ga ta sa aya a gaban suna. A gaba, Madam! Da ban kai ta ƙarshe ba, da yau a bango za a haska ta kowa ya gani."

Na tsaya ina jiran a ce sannu da ƙoƙari.

Madam ta cire tabaranta a hankali. Rakiya ta ɗago kai kamar wadda aka kira daga nesa.

"Wane suna?" in ji Rakiya.

"Wani ɗan guntu ne. Haruffa uku. Ba sai kin gode ba."

Ta sunkuya, ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe tana kallon wuri ɗaya. Sannan ta danna maɓalli ɗaya. Ɗaya tak, na ƙirga. Ta koma baƙar tagar ta rubuta layinta. Fari, fari, fari, fari, kore. Taswirar Damagaram ta buɗe, ga Birni, ga Zango, ga ɗigo shuɗi ga ɗigo ja, kowanne a mazauninsa. Abin da ya ci mata awa uku da hawaye, bai kai tsawon atishawa ba.

Gwaggo Delu, da ba ta jin komai a harkar, ta ja hannun Abba Gana. "Me ya faru? Ya warke? Wa ya gyara?"

Abba Gana ya riga ya dafa bango saboda dariya. Ya share ido da hannun riga, ya juya ya fassara wa baranda gaba ɗaya, da muryar da ya saba kiran masu sayen takalma da ita.

"Yayanki ne ya ɗauke makullin rumbu tun jiya ya canza masa suna. Yau kuma ya wayi gari yana taya mu nema. Har ya kama ɓarawo!"

Dariya ta tashi har wani ma'aikaci ya leƙo daga ɗakin zama ya ce a yi shiru. Ni dai ina tsaye, hulata ta yi mini nauyi kamar an ɗora mini turmi. Na nemi inda zan sa idona, sai ya faɗa kan Hajiya. Tana zaune a kan kula, ta gyara mayafi, fuskarta a sake kamar mai sauraren wa'azi.

"Malam," in ji ta, "ashe turaren nawa har rubutu ya iya."

Madam Zainabu ta so ta taimake ni, kuma taimakon nata ya fi zagi ciwo. Ta ce, "Baba, a takarda kuna da gaskiya. Amma manhaja ba ta karatu irin namu. An ce mata ta nemi suna mai aya a gaba. Da ba ta gan shi ba, sai ta tafi rumbu hannu sake, rumbu ya kore ta, ta dawo tana kukan rumbu, ba ta faɗi cewa makulli ne ba ta samu ba." Na ce, "Na gane, Madam." Ban taɓa gane abu da sauri haka ba a rayuwata.

Aka kira Rakiya. Na shiga na zauna a layin ƙarshe, bayan wata mata mai babban ɗankwali, don kada a gan ni. Yarinyar nan ta tsaya ta yi magana minti ashirin ba ta yi tuntuɓe ba. Ta aika "akwai" daga wayarta, jan ɗigo a bango ya koma shuɗi, Gwaggo Delu ta rangaɗa guɗa aka ce ta bari. Wani malami mai furfura ya tambaye ta, idan wata rana fishiyen makulli ya ɓace, me manhajar za ta gaya wa mai ita? Na nutse a kujera. Rakiya ta ce, "A yanzu ba ta faɗin gaskiyar abin da ya same ta, Musye. Yau da safe na gano haka, kuma zan gyara." Ba ta dubi inda nake ba. Da suka dawo daga shawara suka ba ta sakamako mai kyau ƙwarai, shugabansu har ya ƙara da cewa ya daɗe bai ga gabatarwar ɗalibi da babu kuskuren rubutu ko ɗaya ba. Abba Gana ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Tashi ka karɓi naka." Ban tashi ba.

Da muka koma gida na bi Hajiya ɗaki in ba ta haƙuri a keɓe. Ta ce a'a, a tsakar gida na faɗa, a gaban mutanen Tirmini, don haka can zan je in janye. Na fita na tsaya daidai inda na tsaya da safe, na ce turaren Hajiya ba shi da laifi, ni ne. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi, in sake. (Na tabbata tana ji sarai.) Na sake.

Rakiya ce ta fi ba ni tsoro. Na same ta bayan la'asar a baranda tana cin naman zabo da hannu biyu. Na zauna na ce, "Da kika tambaye ni da safe, ayar ta faɗo mini. Na yi shiru ne don kada Abba Gana ya yi mini dariya."

Ta daɗe tana tauna. Sannan ta ce, "To yanzu ai ka huta, bai yi ba." Ta tura mini kwanon. "Ci, Tsoho. Amma ka ba ni bik ɗin nan tukuna."

Na ba ta. Ban taɓa jin daɗin a kira ni tsoho kamar ranar ba.

Bayan kwana biyu ta kira ni ta nuna mini gyaran da ta yi wa malamin alkawari. Ta cire ayar da gangan ta tayar da manhajar. Maimakon dogon jan rubutu mai ɗora wa rumbu laifi, layi ɗaya ya fito, da Hausa: "Ban ga makulli ba. Tsoho, mayar da ayar." Ta ce za ta canza shi kafin a ba jama'a. Yanzu tana aiki a wani biro nan cikin gari, kuma na ji abokan aikinta da ba su taɓa ganina ba, idan abu ya ƙi tashi, sukan ce a duba ko Tsoho ya wuce ta nan. Don haka ina zaton ba ta canza ba.

Ni dai lafiya lau nake zaune. Abba Gana ya raɗa mini Malam Aya, sunan ya bi lungu, har masu tallan ƙosai da shi suke gaishe ni, ina amsawa. Na je na gaida mai gyaran rediyon nan, allonsa yana nan da kurakuransa uku, kuma rediyoyin da ya gyara duk suna magana. Katin biki idan ya zo yanzu, sunan ango nake fara dubawa. Idan aka ce abu ya lalace aka tambaye ni ko na taɓa, ina cewa na taɓa, sannan a bincika ko na ɓata.

Wata rana na tambayi Rakiya, shin me ya sa tun farko masu wannan ilimi suka zaɓi su sa aya a gaba, su saɓa wa duniya? Ta ce alama ce. Duk sunan da aka sa wa aya a gaba, ana nufin abin cikin gida ne, a rufa masa asiri, kada a baza shi a gaban kowa.

To, ku da kuka karanta, na gaya muku ne don ya fita daga cikina. Kada ku taɓa abin da aka ce kada ku taɓa, ko da kun fi mai shi shekaru. Labarin nan kuma, don girman Allah, kada ya wuce nan. Ku sa masa aya a gaba.